Amsa ga mai son saka SPSS a wayar Android

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce abokinka ya turo maka SPSS, manhajar lissafin bayanan bincike, ta Xender, ka danna, wayar ta ce ba za ta iya buɗewa ba, shi ne kake tambaya ko ƙarfinta ne bai kai ba, tunda ka ji an ce Android ma Linux ce irin ta kwamfuta.

Ba ƙarfi ba ne. Na daɗe ina riƙe da shagon buga takardu, kuma duk lokacin rubuta furojet sai ɗalibai sun zo min da wannan maganar. Ko wayar da ta fi kowacce tsada a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ka sayo, amsar da za ta ba ka ke nan. Duba ƙarshen sunan fayil ɗin, za ka ga .exe, wannan na Windows ne, Android kuwa .apk ta sani. Sannan ko injin cikin ma ba ɗaya ba ne: kusan duk wayoyi ARM suke amfani da shi, galibin laftof ɗinmu kuma Intel ko AMD. Kamar ka miƙa wa wanda boko kaɗai ya iya wasiƙar ajami ne, Hausar ce dai, amma zai juya ta ya miƙo maka abarka.

Maganar Linux gaskiya ce, a kanta aka kafa harsashin Android, sai dai ginin da Google ta ɗora a sama daban ne, don haka ko manhajar Ubuntu, wani nau'in Linux na kwamfuta, ba ta shiga waya kai tsaye. iPhone ma daga tsatson Mac ta fito, amma sai da Apple ta koma injin M1 a 2020 sannan wasu manhajojin iPhone suka fara tashi a Mac. Microsoft kuwa ta fitar da Surface RT a 2012, fuska ta Windows, inji na ARM, manhajojin da mutane suka saba da su ba sa shiga. Hanyar da ta buɗe wa manhajojin Android a Windows 11 ma ta rufe ta a Maris ɗin 2025.

Wani zai ce maka ai akwai manhajojin da ke kwaikwayon Windows a cikin waya. Akwai. Na taɓa ɓata daren Juma'a guda a kan ɗaya, ta tashi kam, amma bayan wayar ya yi zafi kamar dutsen guga, maɓallan sun yi ƙanana, in na nufi ɗaya sai yatsa ya danna biyu. Wasa dai za a iya yi, ban da lissafin furojet.

Abin da ke ƙetarawa tsakanin waya da kwamfuta shi ne fayil: Word, Excel, PDF. Shi ma da lura. Wata ɗaliba daga sashen Hausa ta buga aikinta a shagona da salon rubutun kwamfuta mai suna Rabi'at, da ta buɗe a waya sai ta ga "ƙasa" ta koma "}asa", "ɗaya" ta koma "]aya". Ta dawo hankali a tashe, wai na lalata mata babi uku. Wayar ce ba ta da wannan salon rubutun. Da na mayar mata PDF komai ya zauna daidai. Haka in Excel ɗinka yana da makuro, wato umarnin da ke yin aiki da kansa, a waya makuron ba zai yi aiki ba.

Ni dai da ni ne kai, zan shigar da amsoshin takardun tambayata a Excel na waya, layin farko sunayen tambayoyi, kowane mutum layinsa. In na gama sai in je shago ko ɗakin kwamfuta na makaranta, SPSS tana buɗe fayil ɗin Excel kai tsaye, in biya kuɗin awa biyu ko uku. In kuma za ka sayi laftof ta hannu, kar ka karɓi mai RAM ƙasa da 8GB, kuma ka tabbatar ba Chromebook, laftof mai tsarin Google, aka miƙo maka ba, don ita ma .exe ba ta shiga.