Inda aka binne cibiya

Ɗana, ka tambaye ni me Alhaji yake nufi jiya da ya ce kada a taɓa filinsa na cikin Tawa, a yi masa ginin "inda aka binne cibiyarsa". Har kana tambaya ko wuri ne da za mu ja wa igiya mu auna.

Asalinsa wuri ne kam. In mace ta haihu a ƙauye, ungozoma kan haƙa ɗan rami bayan ɗaki ta binne mabiyiya. Daga nan maganar ta taso, ta yi faɗi har ta rufe ƙauyen duka: gonar hatsi, rijiya, kushewar kakanni. Wanda aka haifa a asibitin Yamai ma yakan faɗe ta a kan garin ubansa, ba mai ƙaryata shi. Filin da ka saya da kuɗinka kuwa, ko ka dasa masa bene, ba a kiransa haka. Akan yi gatse da ita kuma. In na aike ka kasuwa ka daɗe, sai in ce, "Can aka binne cibiyarka?"

Mu mutanen Adar, wato yankin Tawa, muna yawan riƙe ta a baka, don tafiya ta yi mana yawa. Mutum ya shekara ashirin a Abijan, kuɗin farko da ya tara ƙauye yake turo su.

Ga inda ta shafi aikinmu. Mai wannan magana, kada ka yi saurin kawo masa zancen rushe tsohon ɗakin uwarsa, ko da ya tsattsage. Tambayi dattijan gidan kafin ka sa diga. Ni na taɓa sare wata tsohuwar bedi don harsashi ya miƙe, mai gidan bai sake ba ni aiki ba, kuma gaskiyarsa.

Kada ka raina laka don ka iya bulo da siminti. Falke Barmu manomi ne kuma magini, da ƙasar garinsu ya soma masallacin Yama, a jihar Tawa, a 1962, a 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine.

Gobe da asuba za mu ƙauyen. Ɗauko igiya da magwaji, amma gaisuwa za mu fara.