V-boot ɗina ta haura shekara 30 a Jamus, in yi mata lambar H ko in bar ta yadda take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Dortmund, ina da Marsandi 230E ƙirar 1992, irin wadda muke ce wa V-boot a gida, mai shan fetur. Ita kaɗai gare ni, da ita nake zuwa aiki in kai yara makaranta, kuma a bakin titi take kwana. Na sa mata rim da rediyo na zamani. Wani abokina ya ce in je in yi mata lambar nan mai H a ƙarshe wai haraji da inshora za su sauko sosai, wani kuma ya ce in na yi hakan shikenan an hana ni zuwa aiki da ita sai dai ranar baje kolin tsofaffin motoci. Don Allah wanne ne gaskiya, kuma me ka ba ni shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokan naka kowa ya ɗan taɓo gaskiya amma ba wanda ya kamo ta duka, kuma tun daga farko in gaya maka ra'ayina, a yadda kake amfani da motar nan ban ga abin gaggawa ba a lambar H, sai dai in takardar motarka ta nuna wani abu da zan yi maka bayani yanzu.

Ita lambar H tun 1997 aka fito da ita a Jamus, don motocin da ake ɗauka a matsayin kayan tarihi. Sharaɗin farko mota ta cika shekara 30 daga ranar da aka fara yi mata rajista, ba daga shekarar da aka ƙera ta ba, ranar tana nan a ƙaramar takardar mota a gidan da aka sa wa harafin B. Taka ta wuce wannan. Sharaɗi na biyu shi ne inda mutane ke faɗuwa, dole injiniyan ɗaya daga cikin kamfanonin duba lafiyar motoci, TÜV ko DEKRA ko GTÜ ko KÜS, ya duba ta ya rubuta maka shaida ƙarƙashin sashe na 23 na dokar rajistar motoci, cewa motar tana cikin kyakkyawan yanayi kuma kusan yadda ta fito daga kamfani take. Tsufa kaɗai ba ya isa. Mota mai shekara 35 da tsatsa ta cinye mata ƙasa, tsohuwar mota ce kawai a wajensu.

Toh mu zo kan kuɗi tunda shi ya kawo maganar. Duk motar da ke da H harajinta ɗaya ne, Yuro 191.73 a shekara, ko injinta ƙarami ne ko ƙato. Motar da ba ta da H kuma ta wancan zamanin, ana lissafa mata ne da girman inji da kuma ajin hayaƙinta, kowane cc 100 da kuɗinsa. Fetur mai ajin hayaƙi Euro 1 Yuro 15.13 ne, mai Euro 2 kuma Yuro 7.36. Injinka 2.3 ne, kenan sau 23 za a buga. In motarka Euro 1 ce kana biyan 347.99, lambar H za ta rage maka wajen Yuro 156 duk shekara, ba laifi. Amma fa V-boot da yawa masu fetur tun tuni masu su na baya suka ƙara musu wata 'yar na'ura da Jamusawa ke ce wa Kaltlaufregler, wadda ke ɗaga motar ta koma Euro 2, kuma in taka na cikinsu to 169.28 kake biya yanzu haka, wato in ka je ka yi H kai da kanka ka ƙara wa kanka haraji da Yuro 22 da 'yan kai bayan kuɗin dubawa da na buga sabuwar lamba da ka kashe. Wannan ne abokinka na farko bai gaya maka ba, ƙila shi ma bai sani ba. Ba sai ka wahala ba, ɗauko wasiƙar harajin da Zoll, wato kwastam masu karɓar harajin mota, suka aiko maka ko ka duba nawa suke cira a asusunka duk shekara, nan take za ka gane a wane ɓangare kake. Mai fetur Euro 2 sai injinsa ya haura 2.6 kafin H ta fara yi masa rana.

Waɗanda lambar nan ke yi wa gata na gaske su ne masu dizal. Ka ɗauki 300D, dizal mai Euro 1 Yuro 27.35 ne a kowane cc 100, sau 30 ya kama 820.50, in kuma ba ta da aji ko ɗaya yana iya kaiwa 37.58, wato sama da Yuro 1,100 a shekara a kan motar da wataƙila ba ta fi wata shida tana fita ba. Irin wannan mutumin ranar da motarsa ta cika 30 da sassafe yake sammako TÜV, kuma da gaskiyarsa.

Haka maganar shiga cikin gari take. Ka san tun 2008 manyan birane suka fara shata yankunan rage hayaƙi, waɗanda yanzu sai mota mai koren sitika ke shiga, Berlin da Köln da Munich da yankinku na Ruhr duk akwai. Mota mai H an yafe mata, tana shiga ba sitika. Ga tsohuwar dizal wannan babban abu ne don ba ta da hanyar samun koren. Amma kai fetur ce da kai mai katalis, wato na'urar tace hayaƙi, na tabbata koren sitikar na nan manne a gilashinka, don haka nan ma H ba ta ƙara maka komai ba. Kuma wannan yafiyar ta Jamus ce, in za ka tsallaka Beljiyam ko Faransa sai ka binciki dokar garin da za ka tukuna, kar ka dogara da harafin.

Shi kuma abokinka na biyu, abinda ya ji ba ƙarya ba ne, sai dai ya haɗa abubuwa daban-daban wuri ɗaya. A jihohin Amurka da dama lambar tsofaffin motoci tana zuwa da takunkumi, sai zuwa baje koli ko jerin gwano ko ɗan zagaye jefi-jefi, a lardin British Columbia na Kanada ma mai irin wannan lambar ba ya zuwa aiki ko makaranta da motar. A nan Jamus kuma akwai wata lambar daban, ja mai farawa da 07, ita ce ba a yawon yau da kullum da ita, sai zuwa taron tsofaffin motoci ko gwaji ko kai wa bakanike, kuma kowace fita sai ka rubuta a littafi, amfaninta shi ne mai motoci uku ko huɗu ya riƙa juya lamba ɗaya a tsakaninsu. Lambar H ba haka take ba, cikakkiyar rajista ce, ba wani ɗan sanda da zai tare ka don ka je aiki da ita.

Takunkumin yana wajen kamfanin inshora ne. Inshorar tsofaffin motoci tana da araha sosai, wannan gaskiya ne, amma ba don harafin H suke sauko da kuɗin ba, don sun san motar ba ta cika fita ba ne. Shi ya sa kusan dukkansu za su tambaye ka ina motarka ta yau da kullum, su ƙayyade maka kilomita 'yan dubbai a shekara, da yawa su ce sai tana kwana a gareji, wasu su sa iyakar shekarun wanda zai tuƙa. Kai kuwa mota ɗaya gare ka, kullum tana kan hanya, a titi take kwana, kaga duk sharuɗɗan ka saɓa musu. Za ka iya yin H ka ci gaba da inshorarka ta yanzu, ba a hana ba, amma rangwamen da aka kwaɗaita maka ba za ka gan shi ba. Kuma don Allah kar wani ya zuga ka ka ce musu kana da gareji ko ka ari sunan motar wani a matsayin ta biyu, ranar da aka yi hatsari ko aka sace motar za su tona komai, su riƙe kuɗinsu. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba, irin wannan inshorar galibi ba ta tara maka shekarun rashin hatsari da ke sauko da kuɗi a inshora ta yau da kullum. Abinda nake so game da ita shi ne ana yi wa motar ƙima a rubuce, daga lamba 1 zuwa 5 gwargwadon kyanta, in wani abu ya faru a kan wannan ƙimar za a biya ka, ba a ce maka ai tsohuwar mota ce ga ɗan abin da ya samu ba.

Sai rim da rediyon da ka ambata. Ƙa'idar ita ce duk wani canji ya zama na zamanin motar, wato abin da ake iya sa mata a cikin shekaru goma na farkon rayuwarta, ko kuma canjin shi kansa ya shekara 30. Rim ɗin Marsandi na wancan lokacin ba matsala, amma manyan rim na yanzu masu siririyar taya sai sun sauka. Rediyo mai allo da fitilu shuɗaye shi ma zai ja maka magana, mutane kan nemo tsohon Becker ko Blaupunkt su mayar. Fitilun LED, baƙar leda a gilashi, kujerun wata motar, tukunyar gas da aka ɗaura kwanan nan, duk irin su ne. Fenti ba dole sai ainihin wanda ta fito da shi ba amma ya zama kalar da ta dace da zamanin, kuma ɗan ƙarce ko kujerar direba da ta ɗan goge ba ya kayar da mota, sun san ba daga kwali aka ciro ta ba. Kuma ba sau ɗaya ba ne an gama, duk shekara biyu za ka ci gaba da kai ta TÜV kamar kowa, a nan ne kuma za su sake duba ko har yanzu ta cancanci harafin, in ta lalace ko ka sake ɗora mata kayan zamani suna iya ƙwace shi.

Wannan ya kawo ni kan abinda ya fi damuna da motarka, wato tsatsa. V-boot inji gare ta kamar jaki, shi ya sa har yau ake ganinta a Kano da Kaduna tana aiki, amma a can ba a zuba gishiri a titi. A nan kuwa duk hunturu sai an watsa shi saboda ƙanƙara, kuma shi ke cin waɗannan motocin ta ƙasa inda ido ba ya gani. Ka durƙusa ka cire 'yan murafen robar nan guda huɗu da ke gefen mota inda ake zura jak, ka haska tocila ka danna gefen ramin da sukurdireba, in ka ji ya yi laushi ko ɓawon tsatsa yana zubowa to aikin walda ne ke jiranka. Ka duba kuma bakin mudgad na gaba kusa da fitila, da ƙasan robar gilashin ƙofofi, da cikin but ta gefe-gefe inda ruwa ke kwanciya, sannan ka sa bakanike ya ɗaga ta ya duba inda aksil ɗin baya ya kama bodi, nan ne wurin da in ya ruɓe gyaransa ke cinye kuɗin rangwamen shekaru da yawa a zama ɗaya. Injiniyan da zai ba ka H waɗannan wuraren zai fara zuwa, ba ruwansa da yadda bonet ke sheƙi.

Masu son motarsu ta daɗe kan haɗa H da lambar kaka, wato rajistar wasu watanni kawai a shekara, an yarda da haɗa su tun 2017, misali daga Afrilu zuwa Oktoba, haraji da inshora su sauko gwargwadon watannin, motar kuma ta huta lokacin gishiri. Sai dai watannin da ba na kakar ba an hana ajiye ta a titin gwamnati ko da ba ta motsi, dole sai gareji ko filin wani, kai kuma ba ka da shi tukuna.

Saboda haka ga yadda zan yi in ni ne. In wasiƙar Zoll ta nuna 169 kake biya, bar ta da lambarta, kuɗin da za ka kashe ka kai su wajen wanke mata ƙasa a feshe ta da kakin hana tsatsa kafin hunturu. In 348 kake biya kuma bodin lafiya lau, to H za ta mayar maka da kuɗinta cikin shekara biyu ko makamancin haka, tunda shaidar injiniya kaɗai takan kama tsakanin Yuro 100 zuwa 200, ga kuɗin ofishin rajista da na buga faranti, ga na nemo rim da rediyo. Kafin ka biya komai ka shiga da motar wajen masu dubawar ka roƙi ɗayansu ya ɗan zagaya ta da ido ya gaya maka abinda zai hana, da yawa suna yi in ba layi. Ranar zuwa ofishin rajista kuma ka riƙe takardun mota duka biyu, da shaidar sashe na 23, da ta TÜV mai rai, da lambar eVB, wato shaidar inshora da kamfanin zai ba ka, da fasfo da takardar izinin cire haraji daga asusu, da tsofaffin farantan lambar. Idan kuma nan gaba Allah ya hore maka ƙaramar mota ta zuwa aiki da ɗan gareji, lissafin duk zai juye, a lokacin sai ka yi H da lambar kaka da inshorar tsofaffin motoci gaba ɗaya, damar ba ta da wa'adi, motar da ta cika 30 ko bayan shekara biyar ka je za su karɓe ta muddin bodin bai ruɓe ba.