Amsar Baffa kan maganar agogon marigayi

Wa'alaikumussalam ɗana. Naga saƙonka tun bayan la'asar, na bari sai da na dawo daga masallaci na zauna don maganar ba ta amsawa a tsaye bace. Ka ce likita ya ce mai yiwuwa sai anyi wa iyalinka aiki wajen haihuwar nan, ga mai gida ya matsa kan kuɗin haya, kana tunanin sayar da agogon Babanku amma kana jin nauyi, wai ko a al'adarmu abin kunya ne ɗa ya kai kayan mahaifinsa kasuwa. Allah ya sauke ta lafiya, shi kuma Yaya Allah ya kai haske kabarinsa.

Toh bari in fara cire maka wannan nauyin. Babu inda aka ce haramun ne, kuma a al'ada ma ba a taɓa ɗaukar kayan mamaci a matsayin abin da ba a taɓawa ba. Mu nan abin da muka tashi muka gani, riguna da huluna da takalma ana rabawa, wasu a yi sadaka dasu, abin da ke da daraja kuma a yi masa kuɗi ya shiga gado. Iyayenmu mata da suke tara kwalla da tasoshi a ɗaki, daga baya suka koma sarƙa da ɗan kunne na gwal, ai ba don ado kaɗai suke tarawa ba, don irin wannan ranar ne, ciwo ya taso ko auren 'ya, a ɗauko a kai kasuwar Katako nan Jos ko a kira dillaliya. Babu wanda ya taɓa cewa sun yi abin kunya. Annabi sallallahu alaihi wa sallama kansa ya rasu sulkensa yana jingine a wajen wani Bayahude kan sa'i 30 na sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa, yana nan a Bukhari. In sulke ya fita daga gida saboda abincin iyali, agogo kuwa fa?

Abin da ya dame ni a saƙon naka wani ne daban, kai kuma baka ma tambaye shi ba. Ka rubuta "agogona", shine nake so mu tsaya a kai. Ta yaya ya zama naka? Abin da na sani, ranar da za a shiga dashi ɗakin da ya rasu nas ce ta kwance shi daga hannunsa ta miƙo, kai ne a tsaye a bakin ƙofa ka karɓa ka sa a aljihu, daga nan ya zauna a wajenka, kuma da aka zo rabo hankalin kowa yana kan gida da shago. In akwai lokacin da Yaya da lafiyarsa ya ce na baka kuma ka karɓa ka tafi dashi, to naka ne, ka faɗa min da wanda ya shaida, magana ta ƙare. Amma a mazhabar Malikiyya da muke bi kyauta bata cika sai an karɓe ta a hannu mai bayarwa yana raye da lafiya, kuma ko cewa yayi "in na mutu a ba wane", wannan wasiyya ce, magaji kuwa ba a masa wasiyya sai in sauran magada sun yarda. Kenan in ba haka akayi ba agogon nan na ku duka ne. Hajiya matarsa tana da tumuninta a ciki, ɗaya bisa takwas, sauran ku raba, namiji rabon mata biyu kamar yadda yazo a aya ta 11 da ta 12 cikin Suratun Nisa'i.

Nasan zaka ce Baffa agogo ne fa kawai. Ai a nan ake cin haƙƙin mata a gidajenmu, ba a gona ko gida ba inda malam ke zaune da biro, a ƙananan kayan nan ne, babban ɗa ya ɗauki agogo da alkyabba da rediyo ana cewa ai kayan maza ne, su kuma ƙannensa mata kunya ta hana su magana, sai bayan shekaru a ji ta fito a bakin wata ranar biki. Ƙannenka da suka yi aure in ka tambaye su na tabbata da gudu zasu ce sun yafe, balle su ji dalilin, amma a tambaye su ɗin, kowace ka kira ta da kanka, kar ka tura a guruf inda wata zata amsa don taga 'yar uwarta ta amsa. Autanku kuma da bai balaga ba, shi babu mai ikon yafe nasa, ko Hajiya, rabonsa sai a cire a ajiye masa ko dubu nawa ne. Ka duba aya ta 10 a surar nan kaga abin da aka ce kan dukiyar maraya, ni tana bani tsoro wallahi.

Sai kuma shi agogon kansa, don kar kaje da dogon buri. Rado ne DiaStar, ɗan Suwizalan, samfurin da suka fara fitarwa a 1962, Yaya ya sayo shi a Makka zamanin Shagari lokacin da duk alhajin da ya sauko zaka ganshi da haƙorin Makka da irin wannan a hannu. Ruwan gwal ɗin da kake gani ba gwal bane, wani ƙarfe ne mai tauri da baya ƙarzuwa, shi yasa har yau fuskarsa ke sheƙi duk da shekarun da yayi yana shiga buhunan dankali a kasuwar Farin Gada. Baya cin batir, motsin hannu ne ke sa shi aiki, ka kara a kunne zaka ji yana tafiya a hankali. To irinsu suna da yawa a duniya, ga kuma jabu, kuma samarin yanzu waya suke dubawa, saboda haka abin da yake a zuciyarka daban, abin da kasuwa zata taya daban. Kuma mai saye yana ganin idonka yasan a matse kake.

Da Kasuwar Taminus tana nan kafin gobarar 2002 da sai in ce maka je layin masu agogo ka zaga, yanzu sun watsu, amma har yanzu akwai dattawa masu gyara da ɗan akwatin gilashinsu a wajajen Ahmadu Bello Way da kewayen Masallacin Juma'a. Ka kai wa biyu ko uku, kar ka ce sayarwa zakayi, ka ce a duba maka lafiyarsa. Ya buɗe bayan a gabanka, ya sa gilashin nan nasa a ido, ku ga injin tare da lambar da ke jiki, kuma kar ka bar shi ya kwana a wajen wanda baka sani ba don ana musanya inji. Daga nan sai ka tambayi nawa irinsa yake tashi. In dillali zai shiga a yanka la'adarsa tun farko.

Amma kafin duk wannan, al'adar da kake tambaya ga ta: abin gida, gida ake fara yi wa tayi. Haka akeyi a gona, haka a gida, ɗan uwa ya fi bare cancanta. In anyi masa kuɗi sai ka faɗa wa 'yan uwa, wanda ke da hali ya biya, agogo bai fita dangi ba kai kuma ka samu biyan buƙata. In kuma baka son rabuwa dashi akwai jingina, Alƙur'ani ya ambace ta a Baƙara aya ta 283, a baka bashi ka ajiye agogo, ranar da ka samu ka fanshe abinka, a rubuta da shaidu ko da tsakanina da kai ne, babu ƙarin ko kwabo, wanda ya riƙe kuma ba zai ɗaura yaje ɗaurin aure dashi ba. Abin da bana so shine bashin nan na waya da yara ke ci, ga ruwa ga tonon asiri, su bi lambobin mutanenka suna tura saƙo har surukanka. Wannan kam gara ka sayar da agogon sau goma.

Kuma ka raba buƙatun naka. Kuɗin asibiti baya jira, in ta kama a sayar a yau a sayar, Yaya da na sani da hannunsa zai kwance shi ya baka, mutumin da ya sayar da babur ɗinsa lokacin ciwon Innarmu bai ko waiwaya ba. Haya ana iya zuwa da babba a roƙi mai gida ya karɓi rabi, ni zan raka ka. Amma in a cikin lissafin har da kanofi da kujeru da abincin suna da anko, to wannan ban yarda a taɓa agogon saboda shi ba. Ragon suna ma ga mai hali ne, a raɗa wa yaro suna bayan asuba a raba dabino da goro ya wadatar.

Ka fara zuwa wajen Hajiya gobe, kar taji a bakin wani, kasan ita ce take ajiye masa shi a kan durowa duk dare, ka zauna ka mata bayani a hankali kuma in tayi kuka ka barta tayi. Ranar Asabar bayan azahar kazo min dashi Gangare tare da takardar da asibiti suka rubuta, zan kira Kawunku da Goggo mu ga abin da za a iya haɗawa, akwai adashin da nake sa ran ɗauka ƙarshen wata, in an samu yadda ake so ni zan riƙe jinginar. Ka gaida mai jikin, ka ce mata Goggonta ta ce ta rage hawa bene.