Tambaya da Amsa: Jarrabawar MCAT da karatun likitan ƙafa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Agege. 'Yata ta gama digiri a fannin bayokemistiri, tana so ta tafi Amurka ta karanci likitancin ƙafa, don ta ga yadda ciwon suga ke sa a yanke wa mutane ƙafa. An ce mana an canza jarrabawar shiga makarantun likitanci a can. Shin canjin ya shafi masu son wannan fanni? Kuma in ta gama za ta iya dawowa Legas ta yi aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi mata jagora. Canjin ya shafe su, domin kwalejojin likitancin ƙafa a Amurka, masu ba da digirin DPM, su ma da MCAT, wato jarrabawar shiga makarantun likitanci, suke tantance ɗalibai, kamar makarantun da ke ba da MD, digirin likita na gama-gari a can.

Babban canjin an yi shi ne a watan Afrilun 2015. Da can maki daga 3 zuwa 45 yake. Yanzu sassa huɗu ne, kowanne daga 118 zuwa 132, jimilla daga 472 zuwa 528, tsakiya kuma 500. Tambayoyi 230, kuma zaman yakan kai awa bakwai da rabi. Duk wanda ya ce muku ya ci 30 ya samu gurbi, tsohon lissafi yake ba ku.

Abin da zai faranta muku rai shi ne sabuwar jarrabawar ta ba bayokemistiri muhimmanci sosai, wato fagen 'yarku. Amma an ƙaro sashen ilimin halayyar ɗan Adam da zamantakewa, wanda ɗaliban kimiyya a nan ba kasafai suke taɓa shi ba. Wanda ya fi kayar da yaranmu kuwa shi ne sashen karatu da nazari: tambayoyi 53 cikin minti 90, a kan dogayen rubuce-rubucen falsafa ko tarihi ko adabi. Haddar da ta fitar da mutum a JAMB ba ta aiki a nan. Maganinsa shi ne ta riƙa karanta rubutu mai nauyi kullum da agogo a gabanta, wata uku ko huɗu, tana fitar da abin da marubuci yake nufi, ba abin da ita ta sani ba.

Gaskiya ne makin waɗanda ake ɗauka a likitancin ƙafa yakan yi ƙasa da na MD: su kusa da 500 ne, na MD sama da 510. Kada hakan ya sa ta yi sake. Ɗalibin da ya zo daga waje ana duba shi da idon basira, kuma ba a zama jarrabawar yadda aka ga dama: sau uku a shekara, sau bakwai a tsawon rayuwa, makarantu kuma suna ganin duk sakamakon da aka fitar. Yawancinsu ba sa karɓar makin da ya wuce shekara uku. Ta kuma duba jerin ƙasashen da ake zama jarrabawar kafin ta biya kuɗin rajista, don kuɗin jirgi na iya shiga lissafi. Ana neman gurbi ne ta tsarin AACPMAS, wato hanyar bai ɗaya ta neman shiga waɗannan kwalejoji, kuma za a buƙaci a tantance takardun digirinta na Najeriya. Ta rubuta wa kowace kwaleji ta ji ko za su karɓi darussan da ta yi a nan.

Tambayarku ta biyu ita ce mai nauyi, Alhaji. Karatun shekara huɗu ne, sai horon asibiti na shekara uku. Amma DPM ba MBBS ba ne, wato digirin da likitocinmu ke yi a nan. A Najeriya hukumar MDCN ce ke yi wa likitoci rajista, don haka tun kafin ku kashe kobo ta nemi bayani a rubuce kan matsayin wannan digiri. A Legas, ƙafar mai ciwon suga likitocin ƙashi da na suga da ma'aikatan jinya ne suka fi kula da ita, kamar a asibitin ƙashi na Igbobi da asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, a Idi-Araba. Aikin ma ba duka tiyata ba ne: akwai ɗan siririn zare da ake dannawa a tafin ƙafa da ƙarfin nauyin giram 10, in mara lafiya bai ji ba, an san jijiya ta fara mutuwa tun gyambo bai fito ba.

In burinta dawowa gida ne, ta auna hanyar Ingila ma. A can digirin shekara uku ne, babu MCAT, sai dai ba a fitowa da matsayin likitan tiyata kai tsaye.