Tambaya da Amsa: Fostar da Babu Hoto, da Ƙugiyar da Ke Ɓacewa a Hanyar Firinta

Yawancin saƙonnin makon nan daga ɗaliban Jami'ar Jos suka fito, kuma bakinsu ɗaya. Ranar Muhalli ta Duniya, 5 ga Yuni, ta ƙarato, ƙungiyoyi na son fosta, kuɗin biyan mai zane kuwa babu. Na tsamo huɗu daga ciki, na ajiye masu matsalar batir da caja sai wani makon.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji uku a harabar Naraguta ta Jami'ar Jos. Ƙungiyarmu za ta yi gangami kan ledar fiyawata da ake zubarwa a harabar makaranta, an ɗora mini haɗa fosta, aka ce rubutu zalla ake so, ban da hoto. Ba ni da laftof sai waya. Ga farkon abin da kwamiti ya ba ni: "Muna farin cikin gayyatar ɗaukacin ɗalibai, malamai da ma'aikata zuwa gagarumin gangamin wayar da kan al'umma game da illolin zubar da leda barkatai." Wace manhaja zan sauke?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Manhaja ita ce mafi ƙanƙantar damuwarki. Canva ko PixelLab, kowacce za ta yi miki aikin a waya ba tare da kin biya ko sisi ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wannan rubutu na kwamiti. Na karanta shi har ƙarshe, da jerin manyan baƙi da komai. Wasiƙar gayyata ce suka rubuta, ba fosta ba.

Ki tuna wanda zai karanta. Ɗalibi ne ya sauko daga keke, ya makara lacca, jaka a kafaɗa, ido a kan waya. Kallo ɗaya zai yi wa bangon ya wuce. Abin da idonsa ya cafke a wannan kallo shi ke nan rabonki.

Masu rubuta alluna suna da wani lissafi da suka daɗe suna bi: duk nisan mita 3, harafi na bukatar tsayin kusan santimita 2.5 kafin a karanta shi cikin sauƙi. To ki ɗauka kina son a gani daga mita 6, ke nan harafi mai tsayin santimita 5. Takardar A3 faɗinta santimita 29.7 ne, tsayinta 42. In kin cire gefe da gefe, abin da zai rage miki bai wuce 26 ba. Haruffa masu kauri irin wannan tsayi, shida zuwa bakwai ne za su zauna a layi ɗaya. Kin ga "gagarumin" ma ba ta da wurin zama, balle "ɗaukacin ɗalibai". Takardar da kanta ce ke gaya miki ki rage magana.

Da ni ne, ga abin da zan sa. A sama, da matsakaicin rubutu: "An sha ruwa." A ƙasansa, da haruffan da suka cika faɗin takardar: "LEDAR", sai layi na gaba "FA?" Shi ke nan. Duk wanda ya taɓa tsotse ledar ruwa ya sake ta a ƙasa ya san da shi ake. Can ƙasa kuma sai rana, lokaci da wurin taro, a layi biyu ko uku, da girman da za a karanta in an matso. Sunan ƙungiya ya zo ƙarshe, ƙarami. Na san shugabanku ba zai ji daɗin wannan ba, kowa na son sunansa ya fito ɓaro-ɓaro. Ki ba shi haƙuri, ki ce masa sunayen manyan baƙi a takardar shirin taro suke zama.

Tunda babu hoto, haruffan ne hoton. Don haka kada ki wuce salon haruffa biyu, in ma kin sami ɗaya mai kauri da siriri, ya wadatar. Ki guji masu lauje-lauje irin na katin ɗaurin aure, daga nesa kamar tafiyar tsutsa suke. Kada kuma ki kama harafi ki ja shi ta gefe don ya cika wuri, yana ɓata masa siffa, mai ido zai gane nan take. Ki jera komai a kan layi ɗaya ta hagu, ki bar fili ya huta. Sabbin hannu ba sa iya ganin fili su ƙyale, sai sun cusa ganye ko taswirar duniya.

Batun launi: da an ce muhalli kowa sai ya ruga wa kore, ya sa rubutu kore a kan kore. Ki sa kore mai duhu sosai a baya, rubutu fari, "FA?" ɗin ita kaɗai ruwan ɗorawa. Ko baƙi a kan ruwan ɗorawa gaba ɗaya, ba dole ba ne sai da kore. In kin gama, ki mayar da fostar baƙi da fari a wayarki. Idan rubutun ya nutse cikin bango, launukan sun yi kusa da juna. Sannan ki jingine wayar a kan kujera, ki ja baya taku biyar, ki kira wata ƙawarki da ba ta san zancen ba ta karanta miki.

TAMBAYA: Yallaɓai barka da aiki. Daga Farin Gada nake. Na rubuta "Kada a ƙona shara" a wani salon haruffa mai kyau, sai ƙ ɗin ta koma akwati. A wani salon kuma ta fito, amma siririya, ta bambanta da sauran. Abokina ya ce in cire ƙugiyar kawai, ai Bahaushe zai gane. In cire?

AMSA: Kada ka cire, ɗan'uwa. Bari in fara da abin da ke faruwa. Salon haruffa fayil ne mai ɗauke da zanen kowane harafi. Mafi yawan masu ƙera su a Turai da Amurka suke, ba su zana ɓ, ɗ da ƙ ba. In manhaja ta nemi harafin ta rasa, ko dai ta sa akwati, ko ta aro daga wani salon. Siririyar ƙ da ka gani aro ce.

Wannan akwatin har suna gare shi a wurin masu sana'ar. Suna ce masa tofu, wato awara, saboda kamarsa da yankan awara. Google ma da ta fitar da jerin haruffanta mai suna Noto, sunan na nufin babu awara. To Noto Sans na da haruffanmu, manya da ƙanana. Haka Andika da Charis, waɗanda ƙungiyar SIL ta ƙera saboda harsuna irin namu. Duka kyauta ne a shafin Google Fonts. PixelLab na barinka ka shigar da fayil ɗin da ka sauke. A Canva kuwa shigar da naka sai ga masu biyan kuɗi, don haka a can sai ka laluba cikin waɗanda suke da su.

Kafin ka ƙulla aure da kowane salo, ka buga masa wannan: Ɓɓ Ɗɗ Ƙƙ. Ka duba shida ɗin ɗaya bayan ɗaya, ka ƙara girmansu sosai, sannan ka sake dubawa a mai kauri. In babu haruffan a madannan wayarka, ka shiga saitin Gboard ka ƙara Hausa cikin harsuna.

Yanzu maganar abokinka. Gaskiya ne, a hirar WhatsApp muna rubuta "kasa" a gane "ƙasa" muke nufi. Amma fosta kalma uku ce ko huɗu, babu wata jimla a gefe da za ta warware ruɗani. Kuma a Jos muke. Rabin masu karanta fostarka Hausa ba harshen gidansu ba ne, Berom ne, Ngas, Tarok, Yarabawa, Ibo, a kasuwa da unguwa suka koye ta. Daga rubutunka wasu za su fara ganin yadda ake rubuta kalmar.

Ni kaina abin ya taɓa cin ni. Shekarun baya na taya wasu matasa haɗa fosta mai cewa "MU KARE MUHALLINMU". A ƙasa akwai ƙananan layuka masu ɗ da ƙ. Na tura fayil wani shagon buga takardu a cikin gari, kwamfutarsu ba ta da salon da na yi amfani da shi, duk ƙugiyoyin suka zama akwati. Yaron shagon, bawan Allah, ya ga abin ba daidai ba, ya zauna ya sake bugawa da hannunsa, yana zana ƙugiya a kan kowace k da ya gani. Da na je karɓa da yamma, ga tarin takardu a ɗaure da roba, na zaro ta sama. "MU ƘARE MUHALLINMU." Babba, fari a kan kore, tsaf. Na tsaya ina kallo, shi kuma yana murmushi yana jiran in yaba masa. Laifina ne, ni na tura fayil da za a iya taɓawa, kuma ban nemi ganin gwaji ba. A bayan takardun muka yi ta rubutu har suka ƙare.

Wani ɗan abu kuma: in za ka rubuta 'yan ko 'ya'ya, ka lura da alamar da ke gaban y, wasu manhajoji na juya ta baibai. 'Yan'uwanmu na Nijar sun huta da wannan, su ƴ suke rubutawa.

TAMBAYA: Malam, na haɗa fosta a waya, ta yi kyau ƙwarai. Na tura wa mai firinta ta WhatsApp. Da ta fito, gefen haruffan ya yi dishi-dishi, koren da na zaɓa mai haske ya koma kamar miyar kuka, kuma an yanke ƙarshen lambar waya. Cuta ta aka yi? Daga ɗalibi a harabar titin Bauchi.

AMSA: Ba a cuce ka ba, ƙanena. Abu uku ne suka haɗu maka.

Dishi-dishin daga girman fayil ne. Bugu mai kyau na son ɗigo 300 a kowane inci. A takardar A3 wannan na nufin fiksel 3508 a faɗi, 4961 a tsayi. Abin da aka saba haɗawa don sitatus kuwa 1080 ne da 1920. Ka ga an ja shi ya fi ninki uku. Sannan WhatsApp na matse duk abin da aka tura a matsayin hoto don ya rage cin data. Tun farko ka buɗe aikin da girman A3, in ka gama ka fitar da shi a PDF. A Canva akwai zaɓin PDF Print, shi za ka ɗauka. Amfanin PDF shi ne haruffa na tafiya a matsayin zane mai lissafi, ko an ƙara girmansu bakinsu na nan da kaifi, kuma salon haruffan na tafiya a cikin fayil ɗin. Wajen turawa ka danna alamar maƙala ka zaɓi Document, ko ka kai a filasha.

Yawancin shagunanmu da manhajar CorelDRAW suke aiki, kuma hannunsu na ƙaiƙayin gyara. Ka ce musu a buga yadda yake. In kai ma a CorelDRAW ka yi aikin, ka zaɓi dukkan rubutun ka danna Ctrl da Q, zai koma zane, babu kwamfutar da za ta canza maka harafi. Amma ka ajiye kwafi ɗaya kafin nan, don daga lokacin ba a iya gyara kalma.

Launi kuwa, fuskar waya haske take fitarwa, tana haɗa ja, kore da shuɗi, abin da ake kira RGB. Firinta tawada huɗu take zubawa a kan takarda, CMYK. Akwai koren da haske ke iya yi, tawada ba ta iyawa, musamman mai ƙyalli ɗin nan. Babu dabarar da za ta fito da shi. Ka zaɓi kore mai nauyi tun farko, ka biya kuɗin kwafi ɗaya na gwaji, ka fita da shi waje ka duba a rana.

Lambar da aka yanke: wuƙar yankan takarda ba ta sauka daidai kullum. Launin bango ya zarce iyakar takarda da milimita 3 ta kowane gefe, rubutu kuma ya ja ciki da aƙalla santimita 1.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, mu buga a fleks ne ko a takarda? Kuma muna son sa lambar QR ta kai mutane zauren ƙungiyarmu.

AMSA: Fleks roba ce, nau'in PVC. Gangamin yaƙi da leda a kan ƙatuwar leda, ai sai a yi muku dariya. Na san dalilinku, watan Yuni a Jos ruwa ba ya ɗaga ƙafa, takarda a fili kwana biyu ta zama dusa. Ku buga takarda kaɗan, ku liƙa a allunan sanarwa da barandun da ke da rufi, bayan kun nemi izinin hukumar makaranta, kuma ban da buga ƙusa a jikin bishiya. Sauran aikin ku bar wa sitatus, a sake jera rubutun a tsaye da girman 1080 da 1920, ba a matsa na A3 a ciki ba. In har sai kun yi fleks, ɗaya tak, kuma kada ku sa masa kwanan wata, don ku sake shimfiɗa shi baɗi.

QR ɗin ku sa shi baƙi a kan fari, da farin fili kewaye da shi, kada ku rina shi kore don ya dace da fosta. Faɗinsa ya kai kashi ɗaya cikin goma na nisan da za a tsaya, wato santimita 5 ga mai tsayuwa rabin mita. Ku rubuta a ƙarƙashinsa inda zai kai mutum. A kan kwafin gwajin nan za ku gwada shi, da waya biyu ko uku, har da tsohuwa mai fasasshen gilashi.