Waɗanne buƙatu ƙungiyar unguwa za ta fara kai wa ƙaramar hukuma?

Malam, matsalar da ka kawo ita ce ƙungiyarku ta cigaban unguwa ta tara buƙatu barkatai, kuma ba ku san wanda za ku sa a gaba ba.

Ku fara ware abin da yake a hannun ƙaramar hukuma. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora mata kula da kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, magudanan ruwa da kwashe shara, tare da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. A ganina magudanan ruwa da shara su ne kan gaba, domin idan kwata ta toshe da damina, ambaliya da zazzaɓin cizon sauro kowane gida suke shiga. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuna da hujjar neman a nuna muku kasafin kuɗi.

Kuskuren da ƙungiyoyi suka fi yi shi ne kai buƙatu da baki bayan an riga an kammala kasafi, ko kuma jingina kansu ga wata jam'iyya. Ku rubuta buƙatu uku kacal, mai unguwa da kansila su sani, sannan ku ajiye kwafin da aka buga wa hatimi.

Batun filaye da fitar da tituna kuwa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, don haka ku nemi lauya da ƙwararren mai tsara birane kafin ku tunkari hukumar tsara birane ta jiharku, kamar KNUPDA a Kano.