Yadda kuɗin fito ya raba jam'iyyar Republican a 1912

Tambaya: Malam, na karanta cewa rigimar kuɗin fito ce ta kayar da Shugaba Taft na Amurka a zaɓen 1912. Ta yaya harajin kwastam zai kayar da shugaba mai ci?

Amsa: Ɗan'uwa, a wancan zamani Amurka ba ta karɓar harajin samu daga ɗaiɗaikun mutane, domin kotun ƙoli ta soke shi a 1895. Kusan rabin kuɗin gwamnatin tarayya daga kwastam yake fitowa. Saboda haka duk wanda ya taɓa kuɗin fito ya taɓa baitulmali, ya taɓa ribar masu masana'antu, ya kuma taɓa farashin riga da sukari a gidan talaka.

Masu masana'antu na arewa maso gabas suna son haraji mai tsada don kada kayan Ingila da Jamus su karya musu kasuwa. Manoman tsakiyar ƙasa kuwa suna sayar da alkama a farashin duniya, amma suna sayen kayan aiki da tufafi a farashin da haraji ya hauhawar. Dukansu suna cikin jam'iyyar Republican, jam'iyyar Taft.

Taft ya yi alkawarin gyara dokar fito ta Dingley ta 1897, jama'a suka fahimci ragi yake nufi. A 1909 ɗan majalisa Sereno Payne ya kai ƙudurin ragi majalisar wakilai, ya wuce. A majalisar dattawa aka samu matsala. Sanata Nelson Aldrich na Rhode Island ya jagoranci shigar da ɗaruruwan gyare-gyare, akasarinsu ƙari ne. Haka dokar fito take lalacewa a ko'ina: kowane sanata yana kare kayan jiharsa, ya goyi bayan na abokinsa don shi ma a goya masa. An cire haraji a kan ƙiraga, amma na ulu, wanda ya fi damun talaka, kusan bai motsa ba. Taft ya sa hannu, sannan a garin Winona na jihar Minnesota ya kira ta doka mafi kyau da jam'iyyarsa ta taɓa yi a kan fito. A ganina wannan jawabi ya fi dokar kanta yi masa illa, don a tsakiyar yankin da ke fushi ya yi shi. A zaɓen 1910 'yan Democrat suka ƙwace majalisar wakilai.

Taft ya nemi gyara ta hanyar yarjejeniyar sassauta fito da Kanada a 1911. Manoman kan iyaka suka ga alkamar Kanada za ta shigo ba haraji, suka ƙara jin haushi. Wajen muhawara kuma Champ Clark, jagoran 'yan Democrat a majalisar wakilai, ya ce yana fatan ganin tutar Amurka a kan Kanada. 'Yan adawar can suka riƙe maganar, Firaministan Kanada Wilfrid Laurier ya faɗi zaɓe a watan Satumba, yarjejeniyar ta mutu.

Fito ba shi kaɗai ba ne. Akwai rigimar filayen gwamnati da korar Gifford Pinchot, shugaban hukumar gandun daji, wadda ta fusata tsohon shugaban ƙasa Theodore Roosevelt, shi ma ɗan Republican. Amma ɓarakar da fito ya yi ita Roosevelt ya bi ya kafa jam'iyyar Progressive, ya tsaya takara a 1912. Ƙuri'un 'yan Republican suka rabu, Woodrow Wilson na jam'iyyar Democrat ya ci da kusan kashi 42 cikin 100 na ƙuri'un jama'a. A wakilan zaɓe, wato wakilan jihohi da ke zaɓen shugaban ƙasa, ya samu 435, Roosevelt 88, Taft 8 daga Utah da Vermont kawai.

A Oktoban 1913 Wilson ya sa hannu a dokar Underwood, wadda ta sauko da matsakaicin haraji daga wajen kashi 40 zuwa ƙasa da 30. Abin da ya ba shi damar haka shi ne gyara na 16 a kundin tsarin mulki, wanda ya halatta harajin samu: kashi 1 a kan abin da ya haura dala 3,000, har zuwa kashi 7 ga mai samun fiye da dala 500,000. Majalisa ta aika wa jihohi wannan gyara ne tun 1909, da goyon bayan Taft.